Fitilar Kashe Ƙwayoyin Cuta A Ruwan Kifi: Amfaninta Da Iyakarta

Kowa a ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san halin gulaben Gagare da Bunsuru. Da damina su cika su batse, ruwa jajawur don laka, da rani kuwa su koma rairayi, sai 'yan gurabu nan da can inda masunta ke samun na miya. Saboda haka kiwon tarwaɗa a cikin gida, a tankin roba ko na siminti ko na tamfol, sana'a ce mai kyau ga duk wanda Allah ya hore wa rijiya, balle a wannan zamani da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Manomi yana iya yi, ɗan kasuwa yana iya yi, har ma'aikacin ofis yana iya ajiye tanki ɗaya a bayan ɗaki ya riƙa dubawa safe da yamma.

To, duk wanda ya shiga wannan sana'a, ba ya daɗewa sai ya gane ruwa shi ne gonarsa. In ruwa ya ɓaci kifi ya mutu, kuɗin iri da na abinci duk sun bi ruwa. Don haka ne masu sayar da kayan kiwon kifi a manyan birane su ke tallar wata na'ura mai kama da gorar ruwa, da bakin shiga da bakin fita da wayar lantarki, an rubuta mata harufa biyu a jiki, U da V. Tun asali an fi saninta a wurin masu ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi a falo, da manyan gidajen ƙyanƙyasar kifi. Wani mai talla ya kan ce in ka sa ta ka rabu da cuta har abada, ba ka ƙara sauya ruwa. Wannan magana akwai gaskiya kaɗan a cikinta, akwai kuma ƙari mai yawa, kuma ya kamata mai kiwo ya rarrabe su kafin ya kwance lalitarsa.

WANE IRIN HASKE NE?

In mutum ya dubi bakan gizo zai ga launuka a jere, daga ja a gefe ɗaya har zuwa shunayya a ɗaya gefen. Nan ganin idon ɗan Adam ya tsaya, amma haske bai ƙare a nan ba. A shekarar 1801 wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya shimfiɗa takardar da ya shafa wa wani gishiri na azurfa wanda haske ke baƙanta shi. Sai ya ga takardar ta fi yin baƙi a gaba da shunayya, wurin da ido ba ya ganin kome. Wannan ɓoyayyen haske shi Turawa ke kira altrabayolet, watau na gaba da shunayya, kuma shi ne ma'anar harufan nan biyu.

A 1877 waɗansu mutanen Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa in an shanya kwalabe masu romo a rana ƙwayoyin cuta ba su tsira a ciki, alhali waɗanda aka rufe daga haske sun lalace. A 1903 aka ba wani likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen, kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. A 1910 kuwa aka fara tsabtace ruwan sha na gari da irin wannan fitila a Marsel ta ƙasar Faransa. Ashe dai abin ba sabo ba ne, ya haura shekara ɗari.

Masana sun kasa ɓoyayyen hasken nan kashi uku, suka sa musu A da B da C. Na A shi ne mai sauƙi, shi ya fi yawa a hasken rana da ke iso ƙasa. Irinsa ne a fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan kasuwa ke duba kuɗin jabu da ita, da wadda a ke ratayawa don jawo ƙwari. Na B ya fi shi zafi, shi ke ƙone fatar zabiya. Na C shi ne mafi ƙarfi duka, amma wata iska da ke can sama tana tare shi, ba ya saukowa daga rana. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon mai walda ba tabarau, ya kwana idonsa na zafi kamar an zuba masa rairayi, to, ya ɗanɗani aikin irin wannan haske. Na C ɗin nan shi fitilar kifi ke bayarwa. Mai saye ya lura ƙwarai, gama fitilar duba kuɗi ba ta kashe ƙwayar cuta a ruwa, ko da an sa ta cikin bututu an manna mata takarda mai kyau.

YADDA TA KE AIKI

A cikin gorar akwai ƙwan lantarki dogo mai ɗan tururin zaiba. An sa shi cikin kube na wani gilashi na musamman da a ke yi da tataccen farin dutse, don gilashin taga da na kwalba suna tare hasken C. Wani ɗan injin tura ruwa yana jawo ruwa daga tanki, ruwan ya bi ta tsakanin kuben da jikin gorar, ya fita ya koma tanki. Duk ƙwayar cutar da ta gifta kusa da ƙwan, hasken yana shiga cikinta ya lalata abin da ta ke hayayyafa da shi. Ƙwayar da ba ta haihuwa kuwa ba ta iya yawaita har ta kwantar da kifi.

Babban alherin wannan hanya shi ne ba ta zuba kome a ruwa. Kulorin, maganin nan da a ke sa wa ruwan famfo, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana kashe kifi ma. Haske kuwa ba ya barin wari ko ɗanɗano ko guba. Amma fa a nan rauninsa ya ke. Tun da ya ke bai bar kome a ruwan ba, da zarar ruwan ya fita daga gorar ba shi da sauran kariya. Fitilar kamar mai gadi ne da aka ɗaure a ƙofa ɗaya: wanda ya biyo ta ƙofar ya gamu da shi, wanda ya hauro katanga ko ya riga ya kwana a cikin gida ba ruwansa da shi. Duk wanda ya riƙe wannan ya san rabin labarin.

Sauran rabin shi ne awo. Kisa yana bin abu biyu, watau ƙarfin hasken da daɗewar ruwa a gabansa. In ruwa ya wuce da gudu, ƙwayar ta kan tsira. Haka kuma ba dukan halittu ke da taurin rai ɗaya ba. Gansakuka mai sa ruwa ya yi kore, da yawancin ƙananan ƙwayoyin cuta, haske kaɗan ya ishe su. Manyan ƙwayoyi masu cin jikin kifi suna bukatar ninkin wannan sau da yawa. Saboda haka fitilar da ta washe koren ruwa ba lalle ne ta isa kashe cuta ba.

INDA TA KE DA AMFANI

Wurin farko shi ne ɗakin ƙyanƙyasa. Uwar tarwaɗa mai nauyin kilo guda tana iya ba da ƙwai fiye da 50,000. In ruwa yana da ɗumi, ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko da ɗan ɗori, 'ya'yan kuma su fara cin abinci wajen kwana na uku. A waɗannan kwanaki ba su da ƙarfin jure kome. Ƙwan da ya mutu ya kan yi fari, sai wata fumfuna mai kama da auduga ta tsiro a kansa ta yaɗu zuwa masu rai. Irin wannan fumfuna da ƙwayoyin cuta da yawa a cikin ruwa su ke shigowa. In mai ƙyanƙyasa yana ɗibar ruwa daga gulbi ko tafki ko buɗaɗɗiyar rijiya, to, sa fitila a bakin bututun da ke kawo ruwan yana rage musu yawa ƙwarai kafin su kai ga ƙwan. A nan ruwan da a ke bukata kaɗan ne, dukiyar da a ke tsarewa kuwa mai yawa ce, don haka fitilar ta kan biya kuɗinta. Duk da haka tilas a riƙa tsame farin ƙwai da tiyo, gama fitila ba ta shiga tire ta tsince su.

Wuri na biyu shi ne gidan da a ke juya ruwa ɗaya tsakanin tankuna da yawa. Inda ruwa ke da wuya, kamar yadda ya kan zama a wannan yanki daga watan Maris zuwa Mayu, wani mai kiwo ya kan tace ruwan da ya fito daga tanki ya mai da shi. Wannan tattali ne mai kyau, amma in cuta ta kama tanki ɗaya, ruwan zai raba ta ga sauran. Fitila a kan hanyar komowar ruwa tana rage wannan yaɗuwa.

Wuri na uku shi ne akwatin gilashi na ado, irin wanda a ke sa wa a falo ko shago ko ofis. In ruwansa ya yi kore har ba a ganin kifi, ƙaramar fitila tana washe shi cikin 'yan kwanaki, sau da yawa bai fi mako ba. Amma gansakukar da ta manne a gilashi ko a dutse tana nan, sai an kankare ta da hannu. Kuma ruwa ba ya tsami banza: koren nan alama ce ta akwatin yana shan rana da yawa, ko ana zuba abinci fiye da kima. In ba a gyara wannan ba, ranar da aka kashe fitila koren zai dawo.

Wani abin kwantar da hankali shi ne fitilar ba ta cutar ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a matatar ruwa. Su a jikin soso da tsakuwa su ke manne, ba su yawo cikin ruwa, saboda haka ba su bi ta gaban ƙwan.

INDA BA TA DA IKO

Na farko, gurɓataccen ruwa. Haske ba ya ratsa laka. Ruwan Gagare na watan Agusta, in aka tura shi cikin gorar yadda ya ke, kowane ɗan ƙwayar laka inuwa ce da ƙwayar cuta za ta laɓe a bayanta, hasken kuma ba zai wuce kusa da kube ba. Haka ruwan tankin manyan tarwaɗa, wanda kashi da ragowar abinci suka mai da shi kamar tsari. Tilas ne a bar ruwa ya kwanta, a tace shi ta rairayi ko soso har ya yi garau, kana ya shiga fitila. Fitila ita ce ta ƙarshe a layi, matata ce ta farko. Wanda kuɗinsa bai isa duka biyu ba, ya fara da matata.

Na biyu, dattin kifin kansa. Kifi yana fitar da amoniya, watau abin nan mai zarni da a ke ji a turken dabbobi, mafi yawa ta ƙarƙashin kunnuwansa inda ya ke numfashi. Ruɓaɓɓen abinci ma yana ƙara ta. In ta taru, kifi ya daina ci, jikinsa ya raunana, cuta ta samu ƙofa. Sau da yawa abin da mai kiwo ya ke kira annoba daga nan ya faro. Amoniya ba ta da rai balle a kashe ta. Maganinta sauya ruwa, da zuƙe dattin gindin tanki, da rage cunkoso, da ba da abincin da kifi zai cinye nan take. Mai tallar da ya ce fitila ta ɗauke wa mutum sauya ruwa, ko dai bai sani ba, ko kuwa cinikinsa kaɗai ya ke dubawa. Hatsarin ma ya fi haka, don fitilar tana sa ruwa ya yi kyaun gani, mai shi ya saki jiki, alhali guba tana taruwa.

Na uku, cutar da ta riga ta hau jikin kifi. Akwai wata cuta mai sa fararen ɗigo a fatar kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, tana kuwa damun kifi marar ɓawo irin tarwaɗa. Ƙwayarta tana zaune cikin fata tana ci. In ta ƙoshi ta faɗo ƙasan tanki, ta yi wa kanta kwanso, ta rabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman wani kifi. A cikin zangon nan uku, na ƙarshe kaɗai fitila ke iya samu, shi ma sai wanda injin ya zuƙo kafin ya tarar da kifi. A tanki mai cunkoso kuwa kifi ya fi bakin bututu kusa. Haka zancen gyambo da ruɓewar wutsiya da kumburin ciki. Fitila rigakafi ce, ba ta warkar da marar lafiya. In cuta ta bayyana a ware masu ciwo, a nemi malamin kiwon kifi ko likitan dabbobi. In an sa magani a ruwa kuma a kashe fitilar har a gama, don hasken yana lalata waɗansu magunguna.

Na huɗu, guba. Maganin feshi da ruwan sama ya wanko daga gona, ko wanda ya zuba sa'ad da wani ya wanke injin feshinsa a bakin rijiya, zai wuce ta gaban fitila ya shiga tanki. Haka gubar ƙarfe. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Irin wannan guba ba haske ba tafasawa da ke kawar da ita. Kada wanda ya ɗebi ruwan kiwo daga kududdufin da a ke wankin ma'adinai, kome kyaun na'urarsa.

Na biyar, iska da zafi. Fitila ba ta ƙara wa ruwa iskar shaƙa. Babbar tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi ta sama, amma 'ya'yanta na kwanakin farko da karfasa ba su da wannan dama. Ba ta kuma ɗumama ruwa da sanyin hunturu, lokacin da ƙwai ke jinkirin ƙyanƙyashewa kifi kuma ya rage ci, ba ta sanyaya shi da bazara.

Na shida, tafkin ƙasa. Wanda ya haƙa tafki a fadama yana kiwon karfasa, koren ruwa abincin kifinsa ne, har taki a ke zubawa don a same shi. Malaman gona su kan ce mutum ya tsoma hannu har gwiwar hannu, in tafinsa ya kusa ɓacewa to koren ya yi daidai. Sa fitila a nan kamar manomi ne ya sa wa ciyawar shanunsa wuta. Ga shi kuma ruwan tafki ya fi ƙarfin ƙaramar fitila nesa ba kusa ba.

LISSAFI KAFIN SAYE

Kuɗin fitila bai tsaya a ranar saye ba. Ba ta aiki sai da injin tura ruwa, su biyun kuma suna son wuta dare da rana. A ce fitila mai wat 11 ce, injin kuma mai wat 25, jimla 36 ke nan. In aka ninka da awa 24 za a samu 864, watau kusan yunit ɗaya na mita kowace rana. In wuta ta ɗauke na yini guda, ƙwayoyin cuta ba su jira, gama waɗansunsu suna rabuwa biyu cikin abin da bai kai awa ɗaya ba in ruwa da ɗumi. Yawan kunnawa da kashewa kuma yana rage kwanan ƙwan. Don haka wanda ba shi da sola da batir, ko wata wuta tabbatacciya, ya yi tunani sau biyu.

Ƙwan kansa yana tsufa. Yawancin masu ƙera shi suna ba shi awa 8,000 zuwa 9,000, shekara kuwa awa 8,760 ce. Watau duk shekara sai sabo, waɗansu ma tun kafin nan. Abin da ke ruɗin mutane shi ne tsohon ƙwai yana ci gaba da ba da ɗan shuɗin haskensa, alhali ɓoyayyen hasken mai aiki ya yi rauni. A rubuta ranar da aka sa shi a jikin gorar. Kafin a biya kuɗi kuma a tambayi mai shago ko yana da ƙwai da kube na canji, gama na'urar da ba a samun ƙwanta bayan shekara ta zama kwalliya.

Girman fitila shi ma a duba. A jikin kwalin a kan rubuta yawan litar da za ta iya ɗauka cikin awa. Sau da yawa wannan adadi na washe koren ruwa ne. Mai son rage cuta ya rage gudun ruwan zuwa rabi ko ƙasa da haka. Aunawa ba wuya: a tara bokiti mai lita 20 a bakin fita, a duba agogo. In ya cika cikin minti 2, lita 10 ke nan a minti, watau 600 a awa.

Bisa ga wannan duka, mai tanki ɗaya ko biyu da ke sayen 'ya'yan kifi ya raine su har su isa kasuwa, yana kuwa da rijiyar burtsatse, ba ya bukatar fitila. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai zurfi ba shi da ƙwayoyin cuta da yawa, abin da ya ke so a bar shi ya sha iska a wani tanki kafin a zuba wa kifi. Kuɗin ya fi amfani a abinci mai kyau, da tankin ajiyar ruwa, da wani ɗan tanki na keɓe baƙin kifi. Duk kifin da aka kawo daga wani wuri a ajiye shi daban kamar mako biyu a ga lafiyarsa, kuma kowane tanki da komarsa da bokitinsa. Cuta ta fi shigowa ta baƙon kifi da kayan aro, waɗanda ba su bi ta cikin bututu.

KULA DA ITA DA TSARE KAI

Ruwan waɗansu rijiyoyi yana barin farin ɓawo ko jan tsatsa, kamar yadda a ke gani a gindin butar shayi. Irin wannan ya kan rufe kuben gilashi ya tare haske. Ko wane wata ko biyu a cire wuta, a zare kuben a hankali, a goge shi da tsumma mai laushi da ruwan lemun tsami, a ɗauraye. Kada a taɓa ƙwan da yatsa mai maiƙo. Kada kuma a bar fitila a kunne ba ruwa a ciki, don tana iya zafi ta lalace.

Daɗai kada mutum ya kunna ƙwan a waje da gorarsa don ya ga ko yana aiki. Kallon ɗan lokaci ya isa ya ƙone ido, zafin kuwa sai bayan 'yan awoyi ya ke tasowa. A hana yara wasa da shi. In ƙwan ya fashe a buɗe taga a fita, sa'an nan a kwashe da kwali ba da hannu ba, saboda zaibar da ke ciki guba ce. Tsohon ƙwai kada a jefa shi a rijiya ko tafki ko bolar da yara ke tono. Wayar wuta kuma a ɗaga ta sama da inda ruwa ke fantsama, a cire ta daga bango kafin a tsoma hannu a tanki.

RUWAN SHA FA?

Wani zai ce tun da fitila tana tsabtace ruwan kifi, bari ya tara wa iyalinsa. Kada a yi haka. Fitilar kifi ba a auna ta don ɗan Adam ba, kuma ba wanda zai iya gane ranar da ta gaza da ido. Cutar amai da gudawa da ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya a 2021, har da Jihar Zamfara, ta isa gargaɗi.

Amma akwai wata hanya ta kyauta da ke amfani da ɗan'uwan wannan haske, watau na A da ke cikin rana, tare da zafinta. Wani malami a jami'ar Amurka da ke Bairut, Aftim Acra, ya yi bincike a kanta, aka buga bayaninta a 1984, daga baya masana a Suwizalan suka daɗa gwada ta suka yaɗa. A samu farar gorar roba irin ta ruwan sha, wadda ba ta wuce lita 2 ba, marar launi marar ƙarzuwa. A cika ta da ruwa mai haske, a rufe, a kwantar a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana sosai. In gajimare ya rufe sama, ko hazo ya yi kauri, a bar ta kwana biyu. Ranar da a ke ta ruwa ba ƙaƙƙautawa kuwa sai a tafasa. Gwajin hasken ruwan shi ne a tsayar da gorar a kan manyan harufan kanun jarida, a leƙa ta baki; in ana karanta su to ya yi, in ba a karantawa sai an tace. A sha daga gorar ko a tsiyaya a kofi mai tsabta. Iyakar wannan hanya ɗaya ce da ta fitila: ba ta ratsa laka, ba ta cire guba, ba ta kare ruwan da aka juye a ƙazamar randa.

Saboda haka mai ƙyanƙyasa da ke shan ruwan gulbi, da mai juya ruwa tsakanin tankuna, in suna da matata da wuta tsayayya, su sayi fitila, za su ga amfaninta. Mai tafkin ƙasa da mai tanki ɗaya a bayan ɗaki su riƙe kuɗinsu. Wanda kifinsa ke mutuwa kuwa, kafin ya hau mota zuwa Gusau ko Kano neman na'ura, ya fara sunsuna ruwansa, ya ƙirga kifin da ke cikin tankin, ya duba abincin da ya kwanta a gindi, ya tuna ranar da ya sauya ruwa ta ƙarshe.